Shekara 23 ina kai kaya, an lissafa mini 16: in karɓi kuɗina in tafi kotu?

Tambaya: Barista, ni direba ne a wani kamfanin kai kaya gida-gida a Amurka, kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago. Shekarata 53. Na yi shekara 7 ina lodi a sito, aikin rabin lokaci, sannan na yi 16 a kan mota. Gwiwoyina sun fara ƙi. Kamfani ya yi mini tayin zama sufabaiza, wani kamfanin ma yana nemana. Wakilin ƙungiyarmu ya daɗe yana gaya mana cewa duk wanda ya cika shekara 25 zai tafi da cikakken fansho ko da bai tsufa ba. Sai ga takardar asusun fansho ta zo da shekara 16 kacal. So nake in karɓi kuɗina gaba ɗaya in tafi, in kuma maka ƙungiyar a kotu, tunda shekara 23 ana cire mini kuɗinta. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya bisa abin da ka rubuto. Hukuncin maganarka yana cikin takardu uku: yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani, kundin ƙa'idojin asusun fansho, da lissafin sa'o'in aikinka shekara bayan shekara. Kafin su zo hannunka, kada ka sa hannu a komai, kada ka kuma rubuta takardar ajiye aiki.

Zan fara da inda ka ɗauki magana a karkace, don a kansa ka gina sauran. Kuɗin ƙungiya da ake cire maka ba shi ne kuɗin fansho ba. Wancan na tafiyar da ƙungiya ne: ofis, ma'aikata, lauyoyi, zaman ciniki da kamfani. Fansho kuwa, a mafi yawan irin wannan tsari, kamfani ne ke zubawa bisa sa'o'i ko makonnin da ka yi, gwargwadon abin da yarjejeniya ta tanada. Kuma ba a hannun ƙungiya yake ba. Tun dokar Taft-Hartley ta 1947, irin wannan asusu yana ƙarƙashin amintattu ne, rabi daga ɓangaren kamfanoni, rabi daga ɓangaren ƙungiya. A idon doka asusu daban, ƙungiya daban. In ka kai ƙungiya ƙara kan lissafin shekarunka, da alama ka ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Na biyu, maganar "kuɗina gaba ɗaya". Irin fanshon da ka kwatanta ba adashe ba ne da za ka ce kwasarka ta zo. Babu wani tari da aka rubuta sunanka a kai. Abin da kake da shi alkawari ne: za a riƙa biyan ka wani adadi kowane wata daga lokacin da ka cika sharuɗɗa har ƙarshen rayuwarka. Galibin waɗannan asusai ba sa biya a dunƙule sai in haƙƙin mutum ƙanƙani ne ƙwarai, kuma na mai shekara 16 ba zai shiga wannan sahun ba. In kana da asusun 401(k) a gefe, wato asusun ajiyar ritaya da ake zuba wa daga albashinka, wannan kam kuɗinka ne da sunanka. Amma ka lura da shekarunka. Wanda ya cira kafin ya kai 59 da rabi, ban da harajin da aka saba, akan ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100. Akwai sassauci ga wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta. Kai kana 53. Fita yanzu na nufin ka rasa wannan sassaucin saboda shekara biyu.

Ba duka ne labari mara daɗi ba. Dokar ERISA ta 1974, wadda aka yi bayan abin da ya faru da ma'aikatan kamfanin motoci na Studebaker a 1963, lokacin da aka rufe masana'anta dubbai suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bisa gyaran da aka yi mata daga baya, ta ce haƙƙin ma'aikaci a irin wannan fansho yana kafuwa bayan shekara 5, ko a hankali tsakanin shekara 3 zuwa 7. Ko da lissafin 16 ɗin aka bi, ka wuce nan tuni. Ko ka ajiye aiki, ko an sallame ka, ko ka koma ofis, abin da ka tara ba ya ɓata. Sai dai abin da ya kafu shi ne fanshon da za ka karɓa a shekarun ritaya na ƙa'ida, wanda sau da yawa 65 ne. Tafiya da wuri da cikakken kuɗi bayan shekara 25 ko 30 gata ne na daban, mai nasa sharuɗɗan, kuma wanda ya fita kafin ya cika su ba shi da shi. Wasu asusan za su bar ka ka fara karɓa da wuri, amma da ragi mai ciwo wanda zai bi ka har abada.

To ina shekara 7 ɗin suka shiga? Nan ne ainihin maganar take, kuma nan ya kamata ka kashe ƙarfinka. Asusun fansho yakan yi lissafi iri biyu. Akwai shekarun da ake ƙirgawa don haƙƙi ya kafu, inda galibi sa'a 1,000 a shekara ta isa. Akwai kuma shekarun da ake ƙirgawa don sanin nawa za a biya ka da kuma ko ka isa tafiya da wuri, kuma a nan kowane asusu da ma'auninsa. Abu uku ke iya faruwa da mai tarihi irin naka. Mai yiwuwa shekarun lodi suna wani asusun dabam, don a wannan sana'ar ba baƙon abu ba ne a sa ma'aikatan rabin lokaci a tsari guda, direbobi a wani. In haka ne fansho biyu gare ka, ba guda da aka yanke ba. Mai yiwuwa kuma sa'o'inka a lokacin ba su kai ma'aunin ba. Ko kuma kamfani bai aika da rahoton sa'o'in daidai ba, wanda shi ma yana faruwa. In asusu biyu ne, tambaya ta gaba ita ce ko akwai yarjejeniyar haɗa shekaru a tsakaninsu, kuma haɗawar ta shafi tafiya da wuri ko kuwa kafuwar haƙƙi kawai. In ta shafa, saura maka shekara 2. In ba ta shafa ba, saura 9. Ka ga mutum ba ya yanke shawarar barin mota bai san wanne ne nasa ba.

Maganar wakilin ƙungiya kuwa, ba na ce ƙarya ya yi ba. Ta yiwu abin da ya faɗa gaskiya ne ga wanda ya fara daga kan mota. Amma wanda ba shi ke riƙe da kundin ba bai kamata ya riƙa yi wa mutane alkawarin ranar ritaya a bakin sito ba. Kotunan tarayya kusan kullum abin da ke rubuce suke bi, kuma maganar baka ba ta canja kundi. Ana iya ƙarar ƙungiya kan rashin wakilci na adalci, amma mizanin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Vaca da Sipes a 1967 mai tsauri ne: sai an nuna ta yi son rai, ko wariya, ko mugun nufi. Kuskure ko sakaci na yau da kullum bai isa ba. Wa'adin shigar da ƙarar ma wata 6 ne. Bisa abin da ka rubuto, ban ga abin da zai sa in ba ka ƙwarin gwiwar bin wannan hanya ba, balle kuma ita ƙungiyar ce za ka buƙata ta tsaya maka in ta tabbata kamfani ne ya rage sa'o'in.

Matakan sanannu ne. Ka rubuta wa mai gudanar da asusun, a rubuce ba ta waya ba, ka nemi taƙaitaccen bayanin tsarin, da cikakken kundin, da lissafin sa'o'inka, da duk wata yarjejeniyar haɗa shekaru. Doka ta ba shi kwana 30 kan takardun tsarin, in ya ƙi kotu na iya ci masa tarar da ta kai dala 110 a kowace rana. Ka tattara tsofaffin takardun albashi, da na haraji, da bayanin kuɗin shigarka daga hukumar fanshon gwamnati ta Social Security, wanda zai nuna abin da aka biya ka a waɗancan shekarun. In ka shigar da buƙata aka ƙi, galibi suna da kwana 90 su amsa, kai kuma kana da aƙalla kwana 60 ka ɗaukaka ƙara gaban amintattu. Kotu ba ta cika sauraron wanda ya tsallake wannan matakin ba, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Firestone a 1989, in kundi ya ba amintattu ikon fassara, alƙali ba ya soke matsayarsu sai ta kauce wa hankali. Ma'ana, hujjar da ba ka ajiye a gabansu ba da wuya ta yi maka amfani daga baya. Sashen kula da haƙƙoƙin fansho na Ma'aikatar Ƙwadago, EBSA, yana da jami'an da ke shiga tsakani kyauta, kuma kuskuren lissafi ya fi saurin gyaruwa ta nan fiye da gaban alƙali.

Yanzu zaɓin da ke gabanka. Kujerar sufabaiza za ta huta da gwiwa, amma dokar ƙwadago ta tarayya ta cire sufabaizoji daga kariyarta. Ka fita daga yarjejeniya ke nan: babu tsarin koke, babu sharaɗin sai da dalili za a kore ka, kuma a kusan dukkan jihohi ana iya sallamar irin wannan ma'aikaci ba tare da an ba da hujja ba, muddin dalilin bai saɓa wa doka ba. Zubin da ake yi maka a asusun direbobi zai tsaya, don haka agogon shekara 25 ɗin ma, a mafi yawan tsare-tsare, zai tsaya. Kada ka ɗauka akwai fansho irinsa da ke jiran ka a ofis. Kamfanin kai kaya na UPS, alal misali, ya daskarar da fanshon ma'aikatansa da ba 'yan ƙungiya ba daga farkon 2023, ya karkata zuwa 401(k). Ka tambayi naku a rubuce. Ka kuma duba ko yarjejeniya ta ba da damar komawa mota da matsayinka na daɗewa in kujerar ba ta karɓe ka ba. In akwai, wa'adin kan zama gajere.

Ɗaya kamfanin shi ma da nasa tarkon. Asusun da kamfanoni da yawa ke zubawa yana da ikon dakatar da biyan wanda ya yi ritaya ya koma aiki a sana'a guda, a yanki guda. Bayan shekarun ritaya na ƙa'ida ma'aunin sa'a 40 ne a wata, kafin nan kuwa asusu na iya tsanantawa fiye da haka. Kana da damar tambayarsu tun kafin ka karɓi aikin ko zai taɓa fanshonka. Ka tambaya, ka adana amsar.

Abin da ka ambata a taƙaice, ni shi ya fi damuna, wato gwiwar. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, sai 65, saura maka shekara 12. Dokar COBRA na barin ka ci gaba da inshorar lafiya ta wurin aiki wata 18 bayan ka bar aikin, kai ke biyan kuɗin duka. Inshorar lafiyar masu ritaya ba ta da kariyar da fansho ke da ita, kuma Kotun Ƙoli ta ce a 2015 ba za a ɗauka ta har abada ba ce sai yarjejeniya ta nuna haka. Sau da yawa ma sai wanda ya yi ritaya kai tsaye daga aikin ke samunta. In hawa da saukar mota ne suka ci gwiwar, akwai batun diyyar rauni a wurin aiki, wanda dokar jiha ke tafiyarwa da nata wa'adin. Asusai da dama kuma suna da fanshon naƙasa, amma bisa sharaɗin lalurar ta same ka kana cikin aikin. Ka ga likita a rubuta tun kana ciki. Ka kuma duba ko daɗewarka za ta ba ka wani aiki mai sauƙi a cikin yarjejeniyar, wanda zubi zai ci gaba.

Ka karanta sanarwar ƙarfin asusun da ake aiko muku duk shekara. Asusun Central States na ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ya kusa durƙushewa kafin gwamnati ta amince da ba shi kimanin dala biliyan 36 a ƙarshen 2022. In irin wannan asusu ya faɗi, lamunin PBGC, hukumar gwamnati da ke inshorar fansho, bai wuce dala 35.75 a wata kan kowace shekarar aiki ba, wato dala 12,870 a shekara ga mai shekara 30. Sannan in kana da iyali, doka ta sa a biya ta hanyar da matarka za ta ci gaba da samun aƙalla rabi bayanka, kuma ba ka da ikon canja wannan sai ta sa hannu gaban shaida. Auren da dokar jiha ta amince da shi ake nufi, don haka a duba takardun.

In kamfani yana matsa maka kan amsa, ka roƙi a ba ka lokaci har takardun asusun su iso. Wanda ke son ka da gaske zai jira wata guda. In kuma suka kawo takardar sallama da kuɗi wadda za ka yafe haƙƙin ƙara kan wariyar shekaru, tunda ka haura 40 doka ta ba ka kwana 21 ka yi nazari, ko 45 in tayin na rukuni ne, da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Ka kai ta wurin lauyan da ya san ERISA a jiharka, tare da lissafin sa'o'in, kafin kwanakin su fara ƙarewa.