Ranar zuba dekin (rufin kankare), wa zai ji maganarka?

Ɗana, jiya da muna wanke kayan aiki ka tambaye ni: "Maigida, ka ce ni zan tsaya a kan zubin dekin ranar Asabar. Mutum ashirin ne, wasu ma sun haife ni. Yaya zan yi su ji maganata?" Na ji daɗin tambayar, don wanda bai damu ba ba ya tambaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jin maganar da kake nema ranar Asabar, tun ranar Juma'a ake samo shi. Ka hau sama da kanka ka taka katakon kafinta, ka girgiza kowace tokara. Ka duba ɗaurin rodi, ka tabbatar an ɗaga shi bai kwanta a kan katako ba, mai wuta kuma ya gama shimfiɗa bututunsa. Ka ƙirga siminti, ka ga yashi da tsakuwa, ka cika tankin ruwa. Lebura yana da ido. Idan ya zo da asuba ya tarar komai a shirye, ya san akwai mai tsayawa a wurin. Idan kuwa da hantsi ruwa ya ƙare, mutane suka zauna a inuwa suna kallonka, ko ka fasa maƙogwaro da ihu ba wanda zai motsa da zuciya ɗaya.

Sannan ka san mutanenka. Ba kowa ake ɗora wa kwano ya hau tsani ba. Samari masu ƙarfin gwiwa su ne na hawa. Dattijon nan da kake jin nauyinsa, sa shi a wurin kwaɓi, ka ce masa a gaban kowa: "Baba, awo yana hannunka." Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwano 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ka ga ka ba shi girmansa, kuma wallahi ba wanda zai ƙara yashi ko ya tsuga ruwa yana tsaye. Wanda kake tsoron zai raina ka ya zama mai tsare maka aiki.

Ni na taɓa ɓata irin wannan. Ina sabon shugaba na daka wa wani dattijo tsawa a gaban yara saboda kwano ɗaya da ya zube. Bai ce uffan ba, amma jikin kowa ya mutu. Kwanuka suka riƙa zuwa jefi-jefi, gefe ɗaya ya fara kamawa kafin sabon kwaɓi ya iso, ga rana ta take. Da damina ta faɗi, daidai wannan mahaɗar ruwa ya riƙa ɗiga. Har yau abin yana ci mini rai. Idan mutum ya yi kuskure, ja shi gefe. Idan mai gini ya zo da faɗa, kai za ka tare shi, kada ka nuna yaro da yatsa.

Kuɗinsu kuwa, ka karɓa ka ƙirga tun daren Juma'a. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kada ka ce wa wanda ya yini yana hawa tsani "sai gobe". Abinci da ruwan sha su iso kafin a nema, a ci kashi-kashi, a yi salla kashi-kashi, don zubi ba ya son tsayawa. In ka ga layi ya yi sanyi, ɗauki kwano ka shiga na ɗan lokaci, amma kada ka daɗe, idonka ake bukata a sama.

Kafin a watse, ka kira mutum ɗaya da sunansa ka damƙa masa ban ruwan dekin ɗin, safe da yamma, kwana 7 aƙalla. Ka gaya wa kafinta kada ya taɓa tokara sai an yi kwana 21. Zan leƙo bayan azahar.