Allurar Rage Zafin Naƙuda: Idan Ta Bar Matsala, Wa Zai Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Matata tana da ciki wata takwas, kuma ta sha wuya ƙwarai a haihuwarta ta fari. Likita ya ce ana iya yi mata allurar baya da ake kira efidural. Sai dai ƙanwata da aka yi wa ta yi kwanaki da ciwon kai, har aka sake kwantar da ita, kuɗi ya kusa ninkawa. Shin allurar ta halatta? In ta jawo matsala, a kan wa kuɗin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sauke ta lafiya.

Allurar ta halatta. Annabi (SAW) ya ce: "Ku yi magani, ya ku bayin Allah," kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Masu cewa ladan mace yana raguwa idan ba ta ji zafi ba, su kawo dalili. Nana Maryam ma, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi da ma ta mutu kafin wannan (Maryam: 23), kuma Allah bai zarge ta ba. Sharaɗi shi ne ƙwararre ya yi, matar ta yarda da bakinta bayan an yi mata bayani, kuma babu larurar da ta hana, kamar matsalar daskarewar jini.

Abin da ya sami ƙanwarka sananne ne. Yana faruwa ga kimanin mace 1 cikin 100, idan allurar ta huda fatar da ke rufe ruwan laka, ruwan ya riƙa zurarewa. Ciwon yana tsananta in ta zauna, ya lafa in ta kwanta. Wani yakan warke da hutu da magani, wani sai an ɗebi jininta an toshe hudar da shi. Akwai kuma faɗuwar bugun jini da ƙaiƙayi da zazzaɓi, amma lahani na dindindin ba kasafai ake samunsa ba.

To, wa zai biya? A nan nake so ka natsu, ɗan'uwa. Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, a littafinsa Mukhtasar ya sanya ladan ungozoma cikin abin da ya wajaba a kan miji, ya cire kuɗin magani. Ibn Abdil Hakam kuwa, shi ma Bamalike, ya ɗora wa miji kuɗin likita da magani. Abin da na rinjayar shi ne duk jinyar da haihuwa ta jawo tana kan miji gwargwadon ƙarfinsa, domin ɗansa ake haifa, kuma abin da ya tsiro daga abu hukuncinsa yake bi. Ban ga kyautata zama a wurin mutumin da zai biya kuɗin ɗakin haihuwa, sannan ya tura wa surukai takardar ciwon kai ba.

Shi kuma likita, idan ƙwararre ne, an ba shi izini, ya yi aiki yadda masana suka tsara, babu lamuni a kansa ko da matsala ta biyo. Idan ya yi sakaci, ko ya taɓa abin da bai iya ba, shi zai biya, saboda hadisin Abu Dawud: wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, shi ne mai lamuni. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar da haka a zamanta na Maskat a 2004. Likitoci amintattu ne ke tantance sakaci, ba zafin ran dangi ba.

Tun yanzu ka je asibitin ka nemi a rubuta maka farashin allurar, da na kowane ƙarin kwana, da na toshe huda in an buƙata, da abin da su za su ɗauka. Shari'a ba ta son ciniki cikin duhu. Ka ware ɗan tanadi a kan haka, wannan bai saɓa wa tawakkali ba. In lissafin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa matarka gaskiya, ku tambayi likita wasu hanyoyin rage zafi masu sauƙin kuɗi.

Wallahu a'alam.