Tsakanin wayo da coge a teburin karta: amsa ga Yayana

Yaya, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji labarin Ba'amurken nan da ya ci fam miliyan bakwai da ɗoriya a wani gidan caca a Landan, aka hana shi kuɗin, kotu kuma ta goyi bayan gidan. Ka ce ai ɓarawo ne ya saci na ɓarawo, me ya kawo alƙali ciki? Sannan ka tambayi yadda mu da muke zaune kusa da irin waɗannan gidaje muke kallon abin, tunda ka ji wasu yaranmu na cewa ƙirga kati ba cuta ba ce.

Abin da babu gardama a kansa shi ne caca haramun ce. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, kuma babu wanda ya taɓa miƙewa a masallatanmu na nan ya faɗi wani abu daban. Amma muna zaune a New Jersey, jihar da Atlantic City take, inda aka buɗe gidan caca na farko tun 1978. Mutanenmu da yawa direbobi ne, su ke kai masu caca su dawo da su. Akwai masu gadi a otal-otal ɗin, akwai masu aikin kicin da wanki. Ko wannan aikin ya halatta, zance ne da har yau muke yi a tsakaninmu. Sai dai wanda yake cin abinci a gefen wuri dole ya san yadda wurin yake tafiya. Abin da zama ya koya mana shi ne, abin da Allah ya hana daban, abin da dokar jiha ta hana daban, abin da mai gidan caca ba ya so kuma daban. Shi mai gidan yana so kowa ya ɗauka cewa duk abin da ba ya so laifi ne a doka, alhali ba haka ba ne.

Ɗauki wasan 21, wanda suke kira bilakjak, domin a kansa rigimar ta fi yawa. Kai da mai raba kati kowa yana neman ya kusanci 21 ba tare da ya zarce ba. Kati mai hoto goma ne, mai harafin A kuma ɗaya ne ko sha ɗaya. Abin lura a wannan wasa shi ne katin da ya fita ba ya komawa sai an sake gauraya su duka. Saboda haka abin da ya wuce yana gaya maka wani abu game da abin da ya rage. In ƙananan kati sun fita da yawa, to manya ne suka taru a akwatin, wannan kuma yana yi wa ɗan wasa daɗi: mai rabawa dole ya ci gaba da ja har ya kai 17, don haka ya fi saurin zarcewa, kuma in 21 ta faɗo maka da kati biyu ana biyanka ɗaya da rabi, shi kuwa in ta faɗo masa abin da ka zuba kawai zai ɗauka.

Mai ƙirga yana zaune ne kamar kowa. Kati daga 2 zuwa 6 ya fito, ya ƙara ɗaya a zuciyarsa. Goma ko A ta fito, ya rage ɗaya. 7 da 8 da 9 ba ya kula su. Lissafin ya hau, ya ƙara kuɗin da yake zubawa. Ya sauka, ya koma mafi ƙanƙanta. Shi ke nan. Bai taɓa kati ba, bai yi wa kowa ƙarya ba, bai ga komai ba sai abin da aka shimfiɗa a gaban kowa. Wani malamin lissafi, Edward Thorp, shi ya fito da hujjar wannan a littafi a 1962, kuma tun daga lokacin gidajen caca ba su sake barci da ido biyu ba. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya iya wasan sosai ba tare da ƙirga ba, gida ya fi shi da kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Gwanin ƙirga yana juya wannan ya koma wajensa da kamar kashi ɗaya.

Doka ba ta hana wannan ba, ko a nan ko a Nevada inda Las Vegas take. A nan jiharmu ma wani gwani mai suna Ken Uston ya kai ƙarar gidan da ya kore shi, kuma a 1982 kotun ƙolin jiha ta ce gidan caca ba shi da ikon korar mutum don kawai yana ƙirga kati. To sai suka koma wata hanya: su gauraya kati da zarar sun ga ka ƙara kuɗi, ko su ƙayyade maka abin da za ka iya zubawa. A Nevada kuwa gida na da ikon sallamarka, in ka dawo bayan an gargaɗe ka a kama ka da laifin shiga wurin da aka hana ka. Lura, laifin dawowa ne, ba laifin ƙirga ba.

Wani ɗan'uwanmu da ya yi gadi a Las Vegas ya ba mu labarin yadda ake yi. Na'urar ɗaukar hoto tana saman kowane tebur, mutane na zaune a ɗaki suna kallo. In sun ga kuɗin mutum na hawa da sauka tare da lissafin, sai wani mai kwat ya zo ya tsaya a bayansa, ya duƙa, ya ce masa a hankali wasansa ya fi ƙarfinsu, yana iya yin kowane wasa a gidan ban da wannan. Shi ɗan'uwan namu aikinsa ya raka mutumin ya canji tsabar robarsa zuwa kuɗi, ya kai shi ƙofa. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne a teburin da ke kusa akwai wani dattijo da ya sha ya yi tatul yana ta zubar da kuɗi tun magariba, ana ta kawo masa giya kyauta, babu mai kwat ɗin da ya zo ya ce masa ya isa haka. Shi ya sa in na ji gidan caca na kiran mai ƙirga macuci, nakan ce kura ce ke ce wa kare maye. Kuma ko mai caca ne, ɗora masa satar da bai yi ba zalunci ne. Akwai kamfanin da ya shafe shekaru yana tara hotunan irin waɗannan mutane yana sayar wa gidajen caca, Griffin sunansa; ya karye a 2005 bayan wasu 'yan wasa biyu sun yi nasara a kansa a shari'ar ɓata suna.

Coge na gaskiya ba ya ɓuya, kowa ya san shi. Ka sa farce ka yi wa kati alama, ko ka ɗan lanƙwasa kusurwarsa. Ka faki idon mai rabawa ka ƙara kuɗi bayan ka ga ka ci, ko ka janye bayan ka ga an cinye ka. Ka haɗa baki da mai rabawa ya yi kamar yana gauraya kati alhali ya bar su a jere. Wannan ɗauri ne kai tsaye. Dokar Nevada ta ce cuta ita ce ka sauya abin da ke yanke sakamakon wasa. Tun 1985 kuma ta hana amfani da na'ura wajen lissafin, domin an samu masu ɓoye ƙaramar kwamfuta a jiki suna danna ta da yatsun ƙafa. Lissafin da ka yi da kai ba laifi ba ne, amma shi ɗin dai in ka yi shi da waya ya zama babban laifi. Haka in mai rabawa ya yi sakaci ya ɗaga katinsa na rufe ka hango daga kujerarka, kotun ƙolin Nevada ta ce ba cuta ba ce, sakacin gida ne. In kuwa ka zo da ɗan madubi a zobe don ka leƙa, ka ƙetare iyaka.

Yanzu ga mutumin naka. Phil Ivey sunansa, yana cikin manyan gwanayen karta na duniya. A watan Agustan 2012 ya shiga gidan Crockfords a Landan tare da wata mata, Cheung Yin Sun, suka zauna wasan bakara. A teburin da suka zauna ɗan wasa ba ya ma taɓa kati, kuma a wannan wasa 7 da 8 da 9 su ne masu daraja. Ita matar ta horar da idonta har tana gane cewa zanen bayan wasu katunan bai daidaita ba: wajen yanka a masana'anta, gefe ɗaya ya ɗan bambanta da ɗayan, bambancin da ni da kai ba za mu gani ba. Sai suka nuna su masu camfi ne. In an buɗe kati mai daraja, ta roƙi mai rabawa ta juya shi, kai ya koma ƙafa, wai don sa'a. Mai rabawa ta yi. Suka nemi a riƙa gaurayawa da inji, domin inji ba ya juya kati, suka kuma nemi a bar musu katunan nan dai, wai sun karɓe su. Aka yarda da komai. Bayan an zagaya, duk masu daraja suna fuskantar gefe ɗaya, sauran suna fuskantar ɗayan, don haka kafin a zaro katin farko sun riga sun san ko mai daraja ne. Rinjayen da gida ke da shi na kashi ɗaya da 'yan kai ya koma wajensu da sama da kashi shida. Cikin kwana biyu suka ci fam miliyan 7.7. Gidan ya mayar masa da fam miliyan ɗaya da ya zo da shi, ya riƙe sauran.

Shi ne ya kai ƙara, ba gidan ba, kuma bai ɓoye abin da ya yi ba. Alƙalin farko a 2014 ya yarda cewa mutumin gaskiya yake faɗa, har zuciyarsa bai ɗauki abin a matsayin cuta ba, amma duk da haka ya ce cuta ce. A Oktoban 2017 alƙalai biyar na kotun ƙolin Birtaniya suka tabbatar da hakan baki ɗaya. Hujjarsu ita ce, da lura kawai ya yi da bambancin katunan ya yi amfani da shi, mai yiwuwa da ba laifi. Amma shi ya sa aka jera masa su. Da ya lallaɓa a ɓoye ya jera su da hannunsa, babu mai shakkar sunan abin. Yin haka da hannun ma'aikaciyar da ba ta san me take yi ba bai sauya komai ba. A nan Atlantic City ma sun yi irin wannan a gidan Borgata a shekarar 2012 ɗin, suka ci dala miliyan 9.6. Alƙalin tarayya a 2016 ya ce ba zamba ba ce, amma sun saɓa ƙa'idar wasa ta jiha, ya ce a mayar da sama da dala miliyan goma. Daga baya suka sasanta a 2020.

Mun daɗe muna tafka muhawara a kan wannan a wurin jiran fasinja. Masu goyon bayansa suna cewa babu abin da ya ƙwata, roƙo ya yi aka ba shi, kuma kwaɗayi ne ya sa gidan ya yarda, domin sun ɗauka sun samu wawa mai camfi da aljihu cike. Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba. Da ya yi asarar miliyoyin nan yana juya kati don sa'a, da babu wanda zai mayar masa da sisi. Amma ni ina tare da alƙalan. Mai ƙirga ya karɓi wasan yadda aka ajiye shi ya fi gida kaifin kai. Ivey ya sauya wasan ne, kuma ƙarya ce ta buɗe masa hanya. Ina kuma tuna matar nan mai rabawa, ma'aikaciya irin 'yan'uwanmu da ke aiki a waɗannan wurare, wadda aka koya mata ta faranta wa babban baƙo rai, aka mayar da ladabinta makami a kan masu biyanta albashi. Wanda ya taɓa yin aikin da ba ya iya ce wa baƙo a'a ya san nauyin wannan.

Game da yaranmu, abin da ka ji haka yake. Suna kallon bidiyon ɗaliban jami'ar MIT da suka yi ƙungiyar ƙirga kati a shekarun 1980 da 1990, su zo suna cewa wannan lissafi ne ba caca ba. Ba ma ce musu ƙarya suke ba a kan doka, domin za su bincika su ga ba haka ba ne, daga nan kuma ba za su sake sauraronmu ba. Muna ce musu doka ba ta hana ba, amma kuɗi ne ka ɗora a kan katin da ba ka san shi ba, ka ci na wani ko a ci naka, kuma kashi ɗaya cikin ɗari bai fitar da shi daga hukuncinsa ba. Gwanin gaske ma yana iya shafe watanni yana asara, kuma mafi yawan masu ganin sun iya ba su iya ba. Sannan gidajen sun daɗe da gyara zama. Sun ƙara yawan katunan da ke akwati zuwa ƙunshi shida ko takwas, sun kawo injin da ke gauraya kati bayan kowane zagaye ta yadda babu abin ƙirgawa. A tebura da yawa kuma sun rage biyan 21: wanda ya zuba dala 10 da yana karɓar 15, yanzu 12 ake ba shi. Wannan sauyi kaɗai ya ninka ribar gida a kan kowa, gwani da ɗan koyo, kuma tunda an rubuta shi a jikin tebur, babu dokar da ta kira shi coge.

A gaida iyali duka, Yaya, da fatan ƙafar taka ta yi sauƙi.