Kakanmu Badamagare ne ya yi aikin reluwe a Kaduna: ta ina za mu fara neman asalinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakana na wajen uba ya zo Kaduna daga Damagaram tun zamanin Turawa, ya yi aikin reluwe, ya rasu tun ba a haife ni ba. An ce a maƙabartar Tudun Wada aka binne shi. Ban da sunansa da laƙabin Badamagare ba mu san komai ba, ba mu kuma san kowa nasa a Nijar ba. Shin idan an gano kabarinsa zai taimaka? Akwai takardun da za a duba? Daga wata mai karatu a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan kaka, Ya saka miki da alheri, domin wannan nema sada zumunci ne.

Maganar kabari tukuna, don kada ki ɗora rai a inda babu. Kabarin Musulmi a ƙasar nan ba ya ɗauke da tarihi. Ba ma gini a kai, alamar da ake sawa ba ta wuce dutse ko fasasshiyar tukunya ko guntun allon gwangwani, kuma damina biyar ta ishe su. Sa alama ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya ajiye dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Amma kabarin da ya haura shekara 60 a maƙabartar da ta cika ta batse, da wuya a nuna shi da tabbaci. Duk da haka ki tura wani ɗan'uwanki namiji ya zauna da tsofaffin masu haƙar kabari. Sukan san ɓangaren da ake binne mutane a kowane zamani, ko wannan kaɗai ya isa a je a tsaya a yi masa addu'a.

Abin gaggawa shi ne mutanen da suka gan shi da idonsu. Takarda za ta jira ki, gwaggo mai shekara 85 ba za ta jira ba. Ki je da wayarki ki naɗi muryarta, kuma kada ki tambaye ta shekara, ba da ita take lissafi ba. Ki ce mata: lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a 1956 yana raye? Da aka kashe Sardauna a Janairun 1966 fa? Ya zo kafin yaƙin Hitila ko bayansa? Yana da tsage a fuska, wane iri? Wa yake sauka gidansa idan fatake sun zo daga arewa? Na taɓa shafe yini da wata tsohuwa a Unguwar Shanu tana ce mini ita ba ta tuna komai, sai da jikarta ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki, ƙunshe cikin tsumman atamfa, akwai takardun haraji guda uku da wasiƙar ajami da gara ta ci gefenta. Sunan ƙauyen da ake nema yana layi na biyu na wasiƙar. Tana jin an karanta shi sai ta fara lissafo 'yan'uwan mijinta ɗaya bayan ɗaya.

Sunan ƙauyen nan shi ne mabuɗi. A bakin mutanen Kaduna, Damagaram ƙasa ce guda, tana iya zama birnin Zinder, tana iya zama Mirriya ko Magariya ko Matamaye. Mutanen can sun yi ta kwararowa kudu saboda yunwar 1913 zuwa 1914, da kuma aikin dole da kamun soja na Faransa, wanda ba a soke aikin dolen ba sai 1946. Kaduna kuwa sabon gari ce mai neman hannu, tun da layin dogo ya kai Kano a 1911 aka kuma dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Da yawansu sun ɓoye asalinsu don gudun a mayar da su, shi ya sa za ki ga Badamagare an rubuta shi mutumin Daura ko Kazaure.

Sai takardu. Ki fara da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. A nan fayilolin Lardin Zariya da na sakatariyar Jihar Arewa suke. Ki je da katin shaida da haƙuri, don kundin jerin fayiloli za ki bi shafi-shafi. Ina gaya miki gaskiya, idan kaka lebura ne mai karɓar kuɗin yini, da wuya sunansa ya fito a fayil ɗin Bature. Idan kuwa ya kai helma ko ya ci fansho, to akwai fata, a nemi lambar aikinsa a tambaya a ofishin reluwe. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne rajistar kotun alƙali. In an raba gadonsa a kotu, an rubuta matansa da 'ya'yansa, wani lokaci har da ɗan'uwan da ya zo daga gida karɓar rabo. Takardar filin gidan ma ki duba ta. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da rubuce-rubucen Larabci da ajami da tsofaffin jaridu, kuma a can za ki samu mai karanta miki duk wata wasiƙa da kika tono.

Ki lura da rubutun suna. Muhammadu yakan zama Momodu ko Mamadu a hannun akawun Ingilishi, a takardar Faransa kuma Mahamadou, Yusufu ya koma Issoufou. Sojoji da leburori akan yi musu laƙabi da garinsu a madadin sunan uba, don haka ki nemi sunansa haɗe da Damagaram ko Zinder. Idan an taɓa cewa ya yi soja, ko wani ƙanensa ya tafi Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da sunayen sojojin da suka mutu a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu a intanet, ana dubawa kyauta.

Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na gano asali da ake tallatawa, ban ga amfaninsa a nan ba. Zai ce ku mutanen Afirka ta Yamma ne, abin da kuka riga kuka sani, amma ba zai faɗi sunan ƙauyen kaka ba.

Ranar da kika samu sunan ƙauye da sunan mahaifinsa, sai a nemi shugabannin 'yan Nijar mazauna Kaduna su haɗa ku da wani ɗan yankin. A bi ta Daura da Kwangwalam, a sauka wurin mai gari da limami, da goro a hannu, a faɗi sunan kaka da sana'ar gidansu da irin tsagensa. A tafi da hoton mahaifinki, domin a irin wannan tafiya sau da yawa kama ce take fara magana kafin a gama gaisawa.