Na sauya sunaye: ya halatta in rubuta kisan da aka yi a unguwarmu?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Damagaram. Wata huɗu ke nan ina rubuta labarin binciken kisa, na zo babi na shida na kafe. Na ɗauko labarin daga wata mutuwa da ta auku a unguwarmu bara, maganar tana hannun shari'a har yanzu, amma na sauya sunaye. Ƙawata ta ce duk manyan marubuta haka suke yi, ni kuwa abin ya hana ni barci. Yaya masu irin wannan rubutu suke aikinsu?

Amsa: 'Yata, zuciyarki ta fi ƙawarki gaskiya.

Kafewar ba wuya gare ta ba. Wanda ya tsaya a tsakiyar labarin bincike, galibi ya fara ne bai san ƙarshensa ba. Ni kafin in rubuta layin farko sai na cika takarda guda wadda mai karatu ba zai taɓa gani ba: wa ya yi, don me, da wane makami, ina kowa yake tun daga asuba har bayan isha'i, wa ya yi ƙarya, me yake ɓoyewa. Sannan in zauna kullum bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, shafi biyu da biro, ko raina yana so ko ba ya so.

Sai babbar maganar, wadda nake fama da ita kusan duk mako: wai in ka sauya suna ka fita. Ƙarya ce. Wannan gari namu, daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, kowa ya san kowa, wanda bai san ka ba ya san kakarka. Kin mai da sunan mamacin wani suna, amma kin bar masa sana'arsa a kasuwar Dole, kin bar masa mata biyu, kin bar rigimar gadon da duk unguwa ta ji. Wa kika ɓoye? Kafin labarin ya kwana biyu a rukunin WhatsApp an riga an mayar da sunayen gurbinsu, wani ya karanta shi da murya ya tura wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Ki duba inda haɗarin yake. Labarin bincike dole ne ya nuna mai kisa a babin ƙarshe, haka ginin yake. Alƙali kuwa bai yanke hukunci ba tukuna. Ke nan ke, da ba ki ga takardar likita ba, ba ki ji shaida ko ɗaya ba, sai abin da aka faɗa a gidan suna da wurin shan shayi, za ki nuna mutum mai rai da yatsa ki ce shi ne. In kishiya kika zaɓa, 'ya'yanta mata ne za su rasa manema. Kotu tana iya wanke ta, littafinki ba zai wanke ta ba. Wani saurayi ya taɓa kawo mini rubutu irin wannan, tun a shafi na uku na gane gidan, na gane matar da ya ɗora wa laifin, don muna gaisawa da yayanta a masallaci. Na ce masa ba zan karanta gaba ba. Allah Ya ce mana a suratul Hujurat mu nisanci yawan zato, sashen zato zunubi ne, to ina ga zaton da aka shirya babi-babi aka watsa a duniya?

Doka ma ba ta kwana ba. Binciken da ke gaban alƙalin bincike sirri ne. Masu ce miki suna da ɗan'uwa a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da zai kwafo miki takardun, ki guje su, za su jefa ki da shi cikin rami guda. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta wannan hanya. Batun manyan marubuta da ƙawarki ta kawo: Georges Simenon, marubucin ƙasar Beljiyam mai littattafan ɗan sandan bincike Maigret guda 75, da ya fitar da littafi kan ƙuruciyarsa a 1948, mutanen garinsu Liège da suka gane kansu a ciki sun kai shi kotu, sai da aka cire wasu wurare.

Abin da ya kamata ki ɗauko daga zahiri shi ne yadda aiki yake tafiya, nan kuwa matasanmu suke sakaci. Sai in ga labarin da aka ce a Damagaram ya faru amma DPO, shugaban ofishin 'yan sanda irin na Najeriya, ne ke bincike, an kwaso daga littattafan Kano. Mu nan cikin gari 'yan sanda ne, a ƙauye jandarma, tsarewar farko awa 48 ce, ƙarinta sai da izinin mai gabatar da ƙara. Yawancin zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ki je ki zauna a baya ki ji yadda tafinta yake juya Hausa zuwa Faransanci, da yadda mai shaida yake kame-kame. Kuma don Allah a daina mai da Kara-Kara ma'ajiyar kowane mugu, mutanen unguwar sun gaji da wannan tambari.

Babi shidan nan ki ajiye su, kada ki tura wa kowa, har ƙawar taki. Ki ɗauki sabuwar takarda ki ƙirƙiro mamaci da bai taɓa rayuwa ba, da wata sana'a, da wani dalilin kisa dabam. In kin cika takardar ki aiko mini in duba kafin ki fara babin farko.