Shirya ɗalibai kan tambayoyin fahimtar karatu

Malama, kin ce ɗalibanki 'yan ajin ƙarshe na sakandare a nan Jos suna gane nassin Turanci, amma makinsu ya ƙi tashi. Galibi matsalar ita ce ba su san irin tambayar da ke gabansu ba.

A WAEC da NECO, wata tambayar amsarta na kwance cikin nassin, wata kuwa sai yaro ya haɗa jimloli biyu ya hango abin da marubucin bai faɗa ba. Wadda ta fi kayar da yara, a ganina, ita ce ta nahawu: a ciro guntun jimla a ce mene ne sunansa, wane aiki yake yi. Wannan kam kada mako ya wuce ba ku taɓa ta ba. Sai kuma tambayar musanya kalma, wato a ciro kalma daga nassin a ce yaro ya kawo wata a madadinta. Dole wadda yaro ya kawo ta zauna daram a gurbin, in jam'i ne jam'i, in aikatau ne lokacinsa ɗaya. Ki sa su mayar da ita cikin jimlar su karanta a bayyane.

JAMB kuwa zaɓi ne a kwamfuta, ga ƙurewar lokaci. Ki nemo tsofaffin takardun jarrabawa, ki sa musu agogo, su duba tambayoyin kafin su shiga nassin.