Hukuncin buɗe tallafin karatu da sunan mahaifiya da ta rasu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Inna ce ta riƙe mu mu biyar da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Har yau ina ganin tafin hannunta da ya yi kanta saboda matsar tunkuza, ina kuma tuna ranar da ta aika da akuyarta ɗaya tilo kasuwa don a biya mini kuɗin WAEC. Bara ta rasu, ban daɗe da fara aiki ba. Ina so in riƙa ɗaukar nauyin karatun marayun garinmu da sunanta, sai wani ya ce mini sa suna riya ne. Shin ladan zai kai gare ta? Zan iya sa zakkata a ciki, ko in ɗiba daga abin da ta bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Inna, ya sa wahalar da ta sha a kanku ta zame mata nauyi a mizani.

Abin da ka yi niyya halal ne, kuma ladan yana isa gare ta in sha Allahu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana zaton da ta samu bakin magana da ta yi sadaka, shin tana da lada idan ya yi mata? Ya ce, "E." Imam Nawawi ya hakaito haɗuwar malamai a kan haka. Ayar Suratun Najmi da ke cewa mutum ba shi da komai sai abin da ya aikata ba ta ci karo da wannan ba, balle ma kai kanka aikinta ne. Da guminta ka yi karatun da yau kake ci da shi.

Batun suna kuwa, wanda ya tsoratar da kai da riya ya yi gaggawa. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, ya ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce, "Wannan ta Ummu Sa'ad ce." Abu Dawuda ya kawo shi. Riya a zuciya take, kuma wanda ake ji wa tsoronta kai ne, ba wadda ke kwance a kabari ba. Yarinyar da ta san sunan matar da ake biya mata makaranta dominta za ta ambace ta a sujada. Abin da nake ƙi shi ne a jera marayu a rana da ambulan a hannu ana ɗaukarsu hoto ana watsawa. Allah ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa a aya ta 264 ta Baƙara, kuma maraya yana jin kunya kamar ɗan kowa.

Zakkarka farilla ce a wuyanka, ba ta zama sadakar Inna. Kana iya ba ɗalibi matalauci, amma ka ware lissafinta daban. Dukiyar da ta bari kuma, sai an biya bashinta, an zartar da wasiyyarta iya sulusi, sauran haƙƙin magada ne. Baligin da ya ba da rabonsa da daɗin rai, madalla. Kada ka sa ƙannenka mata su yarda don kunyarka.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne ɗorewa. Albashi yau akwai, gobe sai yadda hali ya yi, kuma yaron da aka ɗauka aka sake shi a aji biyu an karya masa gwiwa. Da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wannan shi ne hubusi, ko waƙafi. Ka sayi gona ko da kadada ɗaya ce, ko shago a kasuwa, kuɗin riɗin ko hayar su riƙa biyan makaranta. A mazhabarmu ta Malikiyya hubusi ba ya cika sai ya fita daga hannun mai shi, kamar yadda littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya faɗa. Idan ka rasu yana hannunka, gado ya koma. Don haka ka rubuta takarda gaban shaidu, liman da dagaci su sani, ka damƙa wa amintattu.

Kada ka ware ilimin boko. Samar da ungozoma da malamar asibiti farali ne na kifaya, wato wajibin da in wasu suka yi ya faɗi a kan sauran, kuma ka fi ni sanin nisan da mai naƙuda ke yi a bayan babur kafin ta samu mace ta duba ta. Ka fara da yaro ɗaya ko biyu da za ka iya kaiwa ƙarshe, ka fifita 'ya'yan mata masu fama irin na Inna.

Wallahu a'alam.